Giyar da Alhaji Tamimu Bai Sha Ba

Ni na kai Alhaji Tamimu wurin rawa, kuma har gobe ban yi nadamar wannan ba. Abin da yake ci mini rai shi ne shirun da na yi ranar da aka zaunar da shi a falonsa, alhali hujjar da za ta wanke shi tana cikin aljihuna.

Sunana Yunana, mutumin Wusasa ne ni, ina zaune a Soundview. Aikina awon jini da suga a wani ƙaramin asibiti a Bronx, a can na san Alhaji. Shi ɗan Zangon Kumasi ne, shekararsa ashirin da shida yana jan tasi a New York, tumbi ya taso har yana gogar sitiyari. Duk unguwar Morris Heights an san shi da kamewa. Ba ya dariya sai da dalili, ba ya sauri ko da ruwa ake yi, idan ya gaishe ka sai ka ji kamar an ba ka lambar yabo. A lokacin 'yan ƙungiyar Zangonsu suna shirin ɗora shi a kujerar shugaba, kujerar da ya shekara goma yana yi wa zawarci yana cewa shi bai damu da ita ba.

Likita ya duba takardarsa ya ce ko ya motsa jiki, ko kuwa suga ya fara cinye shi daga yatsun ƙafa. Alhaji ya gwada gidan motsa jiki sau ɗaya, ya ga yara sa'annin 'ya'yansa da gajeren wando, ya fito bai koma ba. Ya gwada tafiya a bakin titi, sai mutane suka riƙa tsayawa suna tambayarsa ko motar ce ta lalace. Da ya zo yana mini ƙorafi, na ce ya biyo ni ranar Asabar da la'asar, akwai wani wuri da ba Bahaushen da zai gan shi. Ban gaya masa ko mene ne ba sai da muka sauka daga jirgin ƙasa mai lamba huɗu a Manhattan.

Wurin ɗakin taro ne a ƙarƙashin wani coci, inda wata tsohuwa mai suna Misis Elsi take koyar da rawar mutanen Sikotlan. Ita kaɗai ce ta taɓa ganin Sikotlan da idonta. Sauran kuwa akwai wani Bajafane mai gyaran haƙori, da tsofaffin malaman makaranta mata guda biyar, sai ni da na fara zuwa saboda shayin kyauta na kuma zauna saboda ɗaya daga cikin malaman. Rawar ba irin tamu ba ce da kowa yake bin abin da kiɗa ya gaya wa ƙugunsa. Mutum takwas ake jerawa layi biyu suna fuskantar juna, a yi 'yan tsalle-tsalle a kan yatsun ƙafa, a kama hannu a zagaya, a ratsa ta tsakanin juna kamar ana zana lamba takwas a ƙasa. Idan mutum ɗaya ya ɓata lissafi duk sai a yi karo. Ƙugu kuwa ba ya motsi ko kaɗan, a tsaye yake kamar na ɗan sanda.

Misis Elsi da kanta take ƙirƙiro raye-rayenta, kuma duk sunan abin sha take raɗa musu. Akwai Shamfen, akwai Wiski Mai Zafi, akwai Jan Inabin Kirsimeti, akwai Fot, akwai Sheri. Abin dariyar shi ne ban taɓa ganin ko ɗigon giya a ɗakin nan ba. Rabin 'yan ajin likita ya hana su, sauran rabin suna shan maganin da ba ya jituwa da ita. Sai a yi rawar Shamfen har a yi gumi, sannan a zauna a sha shayi mai ɗumi-ɗumi da biskit busasshe.

Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni da idon da zai iya kashe kaza.

"Malam Yunana, coci ka kawo ni?"

"Ƙarƙashin coci ne, Alhaji. Cocin yana sama."

"Kuma rawa?"

"Likita ya ce motsi. Bai ce wane iri ba."

Da ya juya ya tafi, amma a ranar mutum bakwai ne, kuma Misis Elsi ba ta san girman kowa ba idan layinta bai cika ba. Ta kamo hannun rigarsa ta tsayar da shi a gaban wata Misis Doroti, aka saki kiɗan goge da akodiyon. To a nan na ga abin mamaki. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana ratsa motocin Manhattan ba tare da ya goge kowa ba, ratsa tsofaffi bakwai ba komai ba ne a wurinsa. Kafin wata biyu ya fi ni, kafin wata shida shi ake tsayarwa a gaba a ce a kalli ƙafarsa. Sugansa ya sauka, tumbin ya ja baya daga sitiyari. Na ga haƙoran Alhaji a ɗakin nan fiye da yadda iyalinsa suka gani a shekara talatin, kuma gaskiya na ji daɗin hakan ƙwarai.

A gida kuwa bai taɓa yi wa matarsa Hajiya Rafi'atu ƙarya ba, Hausarsu ce ta rufa masa asiri. Mutanen Zango ba su cika bambanta mace da namiji a magana ba, kowa "ya" ne a bakinsu. Sai ya dawo ya ce, "Malamin ya ce ƙafata ta yi kyau yau," ko "Abokina ya riƙe hannuna muka yi ta zagaye." Ita kuwa sai ta ɗauka wani ƙaton Bature ne yake miƙe masa gaɓoɓi. Har tana sa wa malamin albarka.

Asirin ya tonu ne a watan Disamba. Aka shirya babbar rawar ƙarshen shekara da rana tsaka, aka buga wa kowa ɗan kati mai jerin raye-rayen da za a yi, domin mutum ya rubuta sunan wadda zai yi kowace rawa da ita. Misis Elsi ta ce a ranar dole maza su sa kayan gargajiya, wato siket mai gida-gida da doguwar safa. Na rantse Alhaji zai ƙi. Sai ga shi ya fito daga banɗaki da siket ɗin aro, gwiwoyinsa a waje, yana juyi don ya ga yadda yake tashi. Na ɗauke shi a waya tun daga farkon rawar Shamfen har ƙarshenta. Da aka tashi ya mayar da siket, amma katin ya bar shi a aljihun kwat. Rana dubu ta ɓarawo.

Ranar Lahadi bayan azahar Hajiya Rafi'atu ta kira ni. Ba gaisuwar kirki.

"Malam Yunana, ka zo gida yanzu. Na ga sunanka a bayan takarda. Asem ya zo, fitina ta tashi."

Na tarar da falo cike. Ga liman Malam Abdul-Jalil a kujerar tsakiya, ga dattawa biyu, ga kuma Mashud, wanda shi ma yake son kujerar shugaba kuma ba ya ɓoyewa. Mashud yana da kanti a kan kwana, firjinsa na baya cike da kwalaben giya, amma ya ce wannan kasuwanci ne, ba ruwansa da abin da mai saye zai yi da su. Alhaji yana zaune a gefe ya sunkuyar da kai, hularsa a kan gwiwa. Da na yi sallama ba wanda ya amsa da ƙarfi. Na gane an riga an yanke nawa hukuncin: tunda Kirista ne ni, ai ba sai an tambayi wanda ya nuna masa hanya ba.

Hajiya tana tsaye da katin a hannu. Aikin kula da tsofaffin Turawa take yi a gidajensu, saboda haka ba sunan kwalbar da ba ta goge wa ƙura ba. Ta fara karantawa.

"Champagne, da Margaret. Hot whisky, da Dorothy. Port, da Helen."

Malam Abdul-Jalil ya ɗaga hannu. "Mene ne kuma port? Ba tashar jirgin ruwa ba ce?"

"Jan wine ne mai zaƙi," in ji Mashud da dattawan biyu, baki ɗaya. Sai kuma duk tari ya kama su.

Hajiya ta ci gaba. "Ga wannan ne ban gane ba. Sherry, da Brandy. Wanne ne matar, wanne ne giyar?"

Ba wanda ya yarda ya sani wannan karon. Ni na sani, domin Misis Birandi ita ce malamar da nake zuwa saboda ita, amma na ja bakina na tsuke.

"Kuma ku duba nan," in ji Hajiya, ta miƙa wa Mashud katin. "Kowanne an rubuta takwas sau talatin da biyu a gefensa."

Wannan lissafin kiɗa ne kawai, ma'anarsa a maimaita rawar sau takwas, kowace ta ɗauki bugu talatin da biyu. Amma Mashud ya zaro waya ya danna da ƙwazo irin na mai kanti.

"Two hundred and fifty-six," ya ce. "Kofi ɗari biyu da hamsin da shida. Champagne kaɗai fa, Malam. Ba a zo kan whisky ba."

"La'ilaha illallahu," in ji liman. "A rana ɗaya?"

Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa ko raƙumi ba zai sha haka ya kawo kansa gida a jirgi ba. Idan mutane suka samu babban mutum a hannu, ba su son lissafi ya ɓata musu labari. Raina ya ɓaci. Na sa hannu a aljihu na zaro wayata.

"Malam, ku yi haƙuri, akwai abin da ya kamata ku gani."

A nan Alhaji ya ɗago kai. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babba ba. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya girgiza kai a hankali. Sai a lokacin na hango abin da yake hangowa. Idan na danna, za su ga Alhaji Tamimu da siket, gwiwa a waje, a ƙarƙashin coci, yana tsalle a kan yatsu riƙe da hannun Misis Magaret mai shekara saba'in da huɗu, yana dariya. Kafin magariba hoton ya kai Kumasi. Mashayi ana yi masa wa'azi ya tuba a rungume shi. Amma wanda aka yi wa dariya ba shi da tuban da zai yi, har jikokinsa sai an kira su jikokin mai siket.

Ya miƙe tsaye, ya gyara murya.

"Malam Yunana, mayar da wayarka. Kada ka rufa mini." Ya juya wurin liman. "Malam, na sha."

Hajiya ta ɗora hannu a ka. "Ei! Baban Sadick!"

"Na sha. Shaiɗan ne da gajiyar aiki. Amma matan nan ba abin da ya haɗa mu, tsofaffi ne, su suke zuba mini kawai. Na tuba. Ku roƙa mini gafara."

Mutumin da ko lemo ba ya sha sai ya karanta bayan kwalba. Na tsaya da waya a hannu kamar wawa. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, amma ban taɓa ganin ɓeran da ya faɗa yana sallama ba sai ranar.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni haushi. Liman ya tashi ya rungume shi yana hawaye. Ya ce namiji ke nan, wanda zai amsa laifinsa a gaban jama'a. Dattawan suka yi ta jinjina kai, ɗayansu ma ya matse masa hannu da wani irin kallo na 'yan'uwantaka da ban so na fahimta ba. Hajiya ta yi kuka, ta ce ita ce ba ta lura da mijinta ba, daga yau duk Asabar a gida zai wuni, ƙafarsa ƙafarta. Mashud kaɗai ne ya ɗaure fuska, domin ya zo cin nama ya tarar akuyar ta zama amarya. Ni kuwa liman ya yi mini nasiha cikin ladabi a bakin ƙofa, ya ce maƙwabtaka tana da haƙƙi, in zan sha nawa in sha ni kaɗai.

Bayan sati uku aka zaɓi Alhaji Tamimu shugaba, da ratar da bai taɓa mafarkinta ba. Labarin kofi ɗari biyu da hamsin da shida ya zagaya Bronx har Harlem, ya ƙara masa kwarjini. Samari da suke ganinsa tsohon da bai san duniya ba suka fara gaishe shi da hannu biyu. Iyaye suka riƙa turo masa 'ya'yansu da suka fara lalacewa, wai ya yi musu magana tunda shi ya shiga ya fito. Ni ba a gayyace ni walimar ba.

A ajinmu kuwa muka koma mutum bakwai. Misis Elsi ta tambaye ni sau uku ina ɗalibinta, na ce aiki ne ya yi masa yawa. Takan sa kujera a wurinsa mu riƙa zagaye ta, amma kujera ba ta miƙo hannu.

Wata biyu ban ji muryarsa ba. Da ya zo awo ma sai ya zaɓi ranar da ba ni da aiki, amma na ga takardarsa, sugan ya koma inda yake da. Sai wata Asabar da hantsi, ina shirin fita, wayata ta yi ƙara.

"Malam Yunana."

"Ranka ya daɗe, shugaba."

"Bar wannan." Muryarsa ƙasa-ƙasa take, da alama daga ɗaki yake magana. "Taimako nake so. Gobe zan yi wa youth magana a masallaci. Wancan karon wani yaro ya tambaye ni yadda whisky yake a baki, na ce kamar lemo mai gas. Sai na ga Mashud yana kallona."

Na zauna a bakin gado. Da na so in gaya masa baƙar magana, na ma tanade ta tun ranar falon nan. Amma tausayinsa ya rufe ni.

"Ka ce yana da ɗaci, yana ƙona maƙogwaro, ya sauka ciki da zafi kamar ka haɗiyi garwashi."

"Tsaya in rubuta. Garwashi. Champagne fa?"

"Shi ne mai gas ɗin. Ka haɗa su ne."

"Subhanallahi." Na ji ƙarar biro a kan takarda. Can ya ce, "Malamin yana lafiya?"

"Tana lafiya. Tana tambayarka."

"Wa ya ɗauki wurina?"

"Kujera."

Bai yi dariya ba. Na yi ta shawara da zuciyata ko in gaya masa ko in bari, daga baya na ga ɓoyewar ba ta da amfani.

"Alhaji, ta haɗa sabuwar rawa. Ta ce shekara guda kana rawar giyar mutane kana shan shayi, ya kamata a yi taka. Ta tambaye ni abin da kuke sha a biki, na ce zoɓo, wanda kuke kira sobolo. Sunan rawar Sobolon Tamimu. Ba mu taɓa yin ta ba, mutum takwas take so."

Na ji numfashinsa.

"Yaya take tafiya?"

"Alhaji, bari kawai."

"Gaya mini, don Allah."

Sai na fara. Na ce na farko da abokiyarsa su kama hannun dama su zagaya, bugu huɗu. Su saki, su bi ta bayan na biyu su sauka ƙasa. Su ratsa tsakanin na uku su zana takwas. Ina faɗa ina buga masa kiɗan da baki, ni ƙato da furfurata, a zaune a bakin gado. Ban kai rabi ba na fara jin wani sauti ta wayar, dif, dif-dif, dif, ƙafa marar takalmi a kan katakon ɗaki. Bai ɓata ko bugu ɗaya ba. Na ci gaba da kiɗan, ban tsaya ba.

Sai na ji an buɗe ƙofa, muryar Hajiya Rafi'atu ta shigo.

"Baban Sadick, lafiya? Mutanen ƙasa suna buga silin. Me kake yi?"

Ƙafar ta tsaya cak. Na ji yana haki.

"Ba komai, Hajiya," ya ce. "Jikina ne yake rawa. An ce haka masu barin giya suke yi."

"Sannu," ta ce. "Zauna ka daure, zai daina."